MAFARKI: MAJIGIN DA AKE NUNA WA MAI BARCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu dare domin mu huta, Ya ba mu rana domin mu nema. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan mafarki ne, watau mene ne shi, mene ne amfaninsa, kuma ina iyakarsa. Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce, ta hirar tsakar gida da safe. To, ga abin da ya sa muka ga ba ƙarama ba ce.

A shekarar 2023, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano, waɗansu mutane biyar suka sami wata tsohuwa a gonarta, suka kashe ta bisa zargin maita. Kamar yadda mai gabatar da ƙara ya bayyana, asalin abin shi ne matar ɗaya daga cikinsu, wadda ba ta da lafiya, ta yi mafarki tsohuwar tana bin ta da wuƙa. A watan Fabrairu na 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta same su da laifi, ta yanke musu hukuncin kisa. Rai ɗaya ya tafi, biyar suka shiga halaka, gidaje shida suka shiga baƙin ciki, duk a kan abin da mutum ɗaya ya gani idonsa a rufe. Wannan kuwa ba halin mutanen wani gari ɗaya ba ne. Aure nawa aka fasa, zumunci nawa aka yanke, maƙwabta nawa suka daina gaisawa saboda mafarki? Don haka ya wajaba mu san abin da addini ya ce.

KASHE-KASHEN MAFARKI

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa mafarki iri uku ne. Na farko mafarki nagari, wanda yake bushara ce daga Allah. Na biyu mafarkin firgitarwa da baƙanta rai, wanda yake daga Shaiɗan. Na uku kuwa zancen zuci, watau abin da mutum yake saƙawa a ransa yana farke, sa'an nan ya gan shi a cikin barci.

Kashi na farko yana da daraja babba. Uwar Muminai A'isha ta ba da labari cewa da mafarkin gaskiya aka fara yi wa Annabi (S.A.W.) wahayi, duk abin da ya gani sai ya zo a bayyane kamar ketowar alfijir. Kuma ya inganta cewa mafarkin mumini yanki ɗaya ne daga yanki 46 na annabta. Waɗansu malamai sun yi lissafin haka da cewa shekara 23 aka yi ana saukar da wahayi, wata shida na farkonta ta hanyar mafarki ne, wata shida kuwa a cikin shekara 23 ɗaya ne bisa 46. Har ila yau Annabi (S.A.W.) ya sanar da cewa bayansa babu abin da ya saura na annabta sai masu bushara, da aka tambaye shi ya ce su ne mafarkai nagari.

A lura da kalmar nan, bushara. Aikin mafarki nagari shi ne ya sanyaya zuciyar mumini, ya ƙarfafa shi a kan alheri, wani lokaci kuma ya faɗakar da shi ya gyara halinsa ko ya yi tanadi. Dubi mafarkin Sarkin Masar da ya zo cikin Suratu Yusuf. Ya ga shanu bakwai masu ƙiba, waɗansu bakwai ramammu suna cinye su, da zangarniya bakwai kore da waɗansu busassu. Fadawansa suka ce tarkacen mafarki ne kawai. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fassara shi da shekara bakwai na wadata, da bakwai na fari a bayansu, ya kuma ba da shawarar a adana hatsi a cikin zangarniyarsa. Sakamakon wannan mafarki rumbuna ne aka cika, aka ceci al'umma daga yunwa. Haka kuma kiran salla da muke ji sau biyar a yini, Abdullahi ɗan Zaidu ne ya fara jin lafazinsa a mafarki a Madina. Amma bai zama shari'a ba sai da Annabi (S.A.W.) ya tabbatar da shi, ya ce a koya wa Bilal.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Game da kashi na uku, watau zancen zuci, masana kimiyya sun yi bincike mai yawa, kuma abin da suka gano bai saɓa wa rabe-raben nan ba. A 1953, waɗansu masana biyu a Jami'ar Chicago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka lura cewa akwai lokutan da ƙwayar idon mai barci take kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fatar ido. In aka tashi mutum a daidai wannan lokaci, galibi sai ya ce mafarki yake yi. Daga baya aka tabbatar cewa barci zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma lokacin motsin ido yana ƙara tsawo yayin da asuba take gabatowa. In an haɗa, mutum yakan yi kusan awa biyu yana mafarki a kowane dare, ko ya tuna ko bai tuna ba, domin mafi yawansa yakan gushe jim kaɗan bayan farkawa.

An kuma gano cewa a wannan lokaci sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da shauƙi yana aiki sosai, shi kuwa sashen da yake auna magana ya ce wannan ba ta yiwuwa, aikinsa yakan ragu. Shi ya sa mai mafarki yake ganin kakansa da ya rasu tuntuni yana tuƙa mota, bai ko yi mamaki ba. Masana da yawa suna ganin cewa a cikin barci ƙwaƙwalwa tana tsara abin da ta tara da rana, tana adana mai amfani, tana rage zafin abin da ya sosa rai. Mahaddata sun daɗe da sanin wani abu daga wannan, domin allon da aka biya kafin a kwanta yakan fi zama da asuba.

Saboda haka ko mafarkin da ba bushara ba ne yana da nasa aikin, amma aikin gyaran cikin gida ne. Dillalin da ya yini ranar Juma'a a karar Wudil yana cinikin shanu, in ya kwanta ya ga shanu bakwai, kada ya ɗauka mafarkin Sarkin Masar ya yi. Masuncin da ya yini a kogi, in ya ga ruwa ya kusa cin sa, ba sai ya nemi mai fassara ba. Ɗalibin jami'a da ya ga an shiga jarrabawa ba shi da alƙalami, fargabarsa ce ta biyo shi shimfiɗa.

KAMANNIN MAFARKI DA MAJIGI

Domin mu fahimci wannan da kyau, bari mu buga misali da abin da kowa ya sani yau. A 1895 aka fara nuna wa jama'a hoto mai motsi don kuɗi a birnin Paris. A Kano an buɗe gidan sinima na Rex a 1937, na Palace kuma a 1951, kuma malamai da yawa na wancan zamani ba su yi na'am da abin ba. Iyayenmu sukan kira shi majigi, waɗansu su ce dodon bango. Daga baya finafinan Indiya suka mamaye gidajen sinima, a 1990 kuma aka fito da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Yau kuwa majigin ya koma cikin wayar hannu, yana bin mutum har kan gado. Ba hukuncin kallo muke magana a kai ba a yau, wannan darasi ne dabam. Kamannin da ke tsakaninsa da mafarki muke so mu duba, kuma ta fuska biyar ne.

Ta farko, duka biyu a duhu ake nuna su, mai kallo yana wuri ɗaya. Mai mafarki yana gudu, yana hawa, yana faɗowa, alhali jikinsa yana kan tabarma. Allah cikin rahamarsa Ya sanya gaɓoɓi su saki a lokacin mafarki, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai mutum ya ji an danne shi, ba ya iya motsi ko magana na ɗan lokaci. Wannan shi ne muke kira dannau, kuma likitoci sun san shi a ko'ina cikin duniya.

Ta biyu, duka biyu ba su kula da nisa ko lokaci ba. A fim, ɗan wasa yana yaro, ƙiftawar ido sai ga shi da furfura. A mafarki kana kan gadar Wudil, ka waiwaya sai ga ka a Makka, babu biza babu jirgi.

Ta uku, duka biyu suna kama zuciya ko da babu gaskiya a cikinsu. Mun sha ganin mai kallo yana hawaye don an kashe jarumi, alhali jarumin yana gidansa lafiya lau yana cin abinci. Hotuna ne tsayayyu guda 24 suke wucewa a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwar mai kallo ce take haɗa su ta ga motsi. To, haka mai mafarki yake farkawa da gumi da bugun zuciya. Tsoron da ya ji gaskiya ne, amma ƙarfin tsoro ba ya zama hujjar cewa abin ya faru.

Ta huɗu, majigi ba ya nuna abin da ba a ɗauka ba, zancen zuci ma da abin da aka zuba masa yake aiki. A shekarar 2000, wani masani a Jami'ar Harvard mai suna Robert Stickgold ya sa mutane suka yi ta buga wasan kwamfuta na jera tubala da ake kira Tetris. Da barci ya fara ɗaukarsu, da yawa suka riƙa ganin tubalan suna faɗowa, har da waɗansu masu ciwon mantuwa waɗanda ba su ma tuna sun yi wasan ba. Abin mamaki kuma, a shekarun 1940, lokacin da finafinai suke baƙi da fari, yawancin Amurkawan da aka tambaya sun ce da wuya su ga launi a mafarki. A 2008 wata mai bincike a Jami'ar Dundee ta Birtaniya, Eva Murzyn, ta sami cewa dattawan da suka tashi da kallon baƙi da fari sun fi matasa faɗin cewa mafarkinsu ba launi. To, wanda ya kwana yana kallon fim na matsafa da mayu, ko ya yini ana raɗa masa cewa wance ba ta da kyau, wa yake tsammani zai gani in ya rufe ido? Balle kuma marar lafiya, wanda zazzaɓi kaɗai ya isa ya cika masa dare da abubuwan firgita.

Ta biyar, wadda ita ce mafi muhimmanci, fuskar da take kan bango ba mai ita ba ce. Haske ne da inuwa. In wani ya ga ɗan wasa ya yi sata a fim, ya kai shi ƙara gaban alƙali, dariya za a yi masa. Haka nan wanda ka gani a mafarkinka bai zo ɗakinka ba, yana can yana nasa barcin, bai san ma an sa shi cikin wasa ba. Annabi (S.A.W.) ya gaya mana cewa Shaiɗan ba ya iya kama da shi. Wannan keɓantacciyar daraja ce tasa. Amma maƙwabciyarka, da kishiyarki, da ƙanin mahaifinka, babu wanda aka ba wannan kariya. Wanda aikinsa shi ne raba tsakanin masoya, wace fuska zai ara in ba ta wanda zuciya ta riga ta fara zargi ba?

Akwai kuma wurin da mafarki ya kasa majigi. Fim ɗari za su kalla tare, a mayar da shi baya a sake dubawa. Mafarki mutum ɗaya ne yake ganinsa, sau ɗaya, a halin da hankalinsa ba ya tare da shi, sa'an nan ya farka da guntayensa ya cike sauran da zato.

MAFARKI BA SHAIDA BA NE

Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wani Balaraben ƙauye ya zo wurin Annabi (S.A.W.) ya ce ya yi mafarki an sare kansa, kan yana gangarawa shi kuma yana bin sa da gudu. Annabi bai fassara masa ba, bai ce ya nemi wanda ya sare shi ba. Sai ya hana shi ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci.

Ko mafarkin gaskiya ma da misali yake zuwa, ba a ɗaukarsa a kan zahirinsa. Annabi (S.A.W.) ya fassara nono da ilmi, ya fassara riga da addini. Wata rana Sayyidina Abubakar ya nemi izini ya fassara wani mafarki a gabansa, da ya gama sai Annabi ya ce masa ya dace a wani sashe, ya yi kuskure a wani. In Siddiƙu zai yi kuskure, ina ga wanda ya sayi ɗan littafin fassarar mafarki a bakin tasha? Ana ba da labarin Muhammadu ɗan Sirina, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, cewa mutum biyu sun zo masa kowa ya ga yana kiran salla, ya yi wa ɗaya bushara da aikin hajji, ya zargi ɗaya da sata, domin halinsu ba ɗaya ba ne. Littafin da ake sayarwa da sunansa kuwa, masu bincike da yawa ba su yarda shi ya rubuta shi ba. Da aka tambayi Imamu Malik ko kowa yana iya fassara mafarki, sai ya nuna cewa yin haka wasa ne da annabta. Lokacin cikar mafarki ma ɓoyayye ne. Annabi (S.A.W.) ya ga shi da sahabbansa sun shiga Masallacin Ka'aba cikin aminci, suka fita a shekara ta 6 aka tsare su a Hudaibiyya, sai a shekara ta 7 abin ya tabbata.

Saboda haka malamai suka tabbatar cewa mafarkin wanda ba annabi ba, ba a gina hukunci a kansa. Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, ya kawo labarai biyu a kan haka. Na farko, Halifa Mahadi na Abbasiyawa ya sa a kawo takobi don a sare Alƙali Shariku, saboda ya yi mafarki alƙalin yana taka shimfiɗarsa yana kau da kai, mai fassara kuma ya ce alamar munafunci ce. Shariku ya tunatar da shi cewa mafarkinsa ba na Annabi Ibrahim ba ne, mai fassararsa kuma ba Annabi Yusuf ba ne, ya tambaye shi ko da mafarkan ƙarya zai riƙa sare wuyan muminai. Kunya ta kama Halifa, ya sallame shi. Na biyu, an tambayi Ibnu Rushdi game da alƙalin da adalai biyu suka ba da shaida a gabansa, sa'an nan ya yi mafarki Annabi (S.A.W.) yana hana shi karɓar shaidarsu. Ya amsa cewa bai halatta ya bar shaidar ba, domin ba a rushe shari'a da mafarki.

To, ya kai ɗan'uwa, in alƙali bai isa ya ƙi shaidar adalai saboda mafarkin da yake ganin Annabi ya gani a ciki ba, ta yaya ni da kai za mu kama wata baiwar Allah da laifi saboda mafarkin mai zazzaɓi? Shari'a ta ɗora wa mai da'awa kawo hujja. Mai barci kuwa an ɗauke masa alƙalami har ya farka, wanda ba a rubuta masa aikinsa ba, yaya za a karɓi shaidarsa a kan wani? Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya hore mu da nisantar yawan zato, a Suratul Ma'ida kuma ya daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya.

LADUBBAN MAI MAFARKI

Ga abin da Sunna ta koyar, a taƙaice. Wanda ya ga abin da yake so, ya gode wa Allah, kada ya faɗa sai ga masoyi ko masani, kamar yadda Annabi Yaƙubu ya hana ɗansa Yusuf gaya wa 'yan'uwansa. Wanda ya ga abin ƙi, ya yi tofi sau uku a hagunsa, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya ɗaya gefen, in ya so ya tashi ya yi salla, kuma kada ya gaya wa kowa. An yi alkawari cewa in ya yi haka ba zai cuce shi ba. Abu Ƙatada ya ce mafarki yakan sa shi rashin lafiya, har sai da ya ji wannan magani daga Annabi (S.A.W.).

Kada a ƙirƙiri mafarkin da ba a yi ba, domin Bukhari ya ruwaito cewa mai yin haka za a tilasta masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama, ba kuwa zai iya ba. Kada a kai mafarki wurin boka ko ɗan duba, domin tambayarsu kaɗai tana hana karɓar sallar kwana 40. Wanda ya yi istihara kuma ya sani hadisinta bai ce sai an yi mafarki ba, sai ya yi shawara ya ci gaba da abin da ya sawwaƙa. Marar lafiya a kai shi asibiti, a haɗa da addu'a. In kuma cikin zafin ciwo ya ambaci sunan wani, to, nauyin da ke kan dattawan gida shi ne su binne maganar a ɗakin, kada ta kai zaure.

Daga ƙarshe, mu kula da abin da muke ɗora wa injin. Hadisi ya nuna cewa wanda ya fi gaskiyar magana shi ya fi gaskiyar mafarki. Mu kwanta da alwala, a kan gefen dama, da Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi, mu ajiye waya tun da wuri, mu yafe wa wanda ya saɓa mana kafin mu rufe ido. Muna kuma roƙon limamai da masu unguwanni, na Wudil da na sauran garuruwa, su riƙa tunatar da jama'a wannan mas'ala a huɗuba da wurin taro.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya nuna mana alheri a farke da a barci, Ya tsare hannuwanmu da harsunanmu daga haƙƙin bayinsa, amin.